Gangar Da Ake Nomawa A Gona

A wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Funtuwa, mai haɗa ganga yakan fara aikinsa tun damina ba ta ɗauke ba. Yana bin gefen gonaki da bayan danga, inda duma ke yaɗo, yana duba 'ya'yan. Wanda ya ga ya yi faɗi, ba tabo, ba ƙwari, sai ya roƙi mai gonar a bar masa shi a jikin uwarsa har ganye ya bushe. Duman da aka tsinke da wuri ɓawonsa ba kauri, da fata ta ja shi zai tsage.

Shukar nan ɗaya ce ke ba gida ƙwarya da ludayi da gora da shantu, gwargwadon irin da aka shuka. Na ganga dai mai ƙaton ciki ake nema.

Bayan kaka sai aikin fafa. A yanke duman, a jiƙa shi har totuwar ta ruɓe, a kwashe ta, ga wari ga ɗaci, sannan a kankare cikin tas. Nan ne gwaninta take. Idan an bar totuwa, sautin ya dushe, idan kuma an zarce da kankara, kangon ya yi rauni. Shi ya sa mai aikin ke yawan tsayawa yana ƙwanƙwasa ɓawon da yatsa, kunnensa na gaya masa inda ya rage. A inuwa ake shanya shi, don rana mai zafi tana fasa ƙwarya.

Fatar akuya daga wajen mahauci take zuwa ranar kasuwa, ɗanya, ba ta je hannun majemi ba, domin jemammiyar fata laushi gare ta, ba ta amo. Ana jiƙa ta, a cire gashin, a shimfiɗa ta a bakin kangon tun tana da danshi. Sai a bi gefenta da basilla ana hudawa, ana zura siraran igiyoyin fata, ana jansu ta ƙarƙashi, wannan ɓari sannan wancan, don kada bakin ya karkace. Ragowar ɗaurin fatar ce ke yi da kanta yayin da take bushewa. Lokacin hunturu takan ɗame har a ji tsoron fashewa. Da damina kuwa ta saki, sai makaɗi ya kara ta kusa da wuta kafin ya fita dandali.

Mata ba sa jiran duk wannan. Ranar suna ko biki sukan kife ƙwarya cikin masaki mai ruwa, su kife wasu a ƙasa, kiɗa ya tashi. Da irin wannan kiɗan ƙwarya na amada marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna a duk ƙasar Hausa.

Abin da ke damun masu sana'ar yanzu shi ne roba. Tunda robobi suka cika kasuwa, cinikin ƙwarya ya ja baya, manoma sun rage shuka manyan duma, gyartai ma ya yi wuyar gani. Mai haɗa gangar ƙauyen kan ajiye iri daga duman da ya fi masa kyau, ya raba wa maƙwabta kyauta idan shuka ta zo, da sharaɗin za a bar masa manya biyu ko uku.