Cinikin Gawayi A Kudancin Kaduna: Riba A Birni, Hayaƙi A Ƙauye

KAFANCHAN — Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Kachia da Zonkwa zuwa Kafanchan, ko kuwa wadda ta bi ta Kwoi ta nufi Abuja, ba zai rasa ganin buhunan gawayi jere a bakin titi ba, an toshe bakinsu da ciyawa, suna jiran motar da za ta kwashe su. A da can gawayi kayan aikin maƙera ne da masu guga da masu gasa nama, amma a yau ya zama abin girki a gidaje masu yawa cikin birane, kuma cinikinsa na ciyar da jama'a da dama, tun daga mai gatari har zuwa dillali da direba da mai sayarwa a ƙulle-ƙulle.

Fitar da kaya ba baƙon abu ba ne ga wannan yanki. Tun 1927, lokacin da layin dogo daga Fatakwal ya iso Kafanchan, garin ya zama mahaɗar jiragen da ke zuwa Kaduna da Jos, albarkar ƙasar take fita ta nan zuwa wasu wurare. To amma akwai bambanci tsakanin buhun citta da buhun gawayi. Citta ana shuka ta a girbe kowace shekara, alhali kuwa bishiyar kirya ko marke da aka ƙona cikin 'yan kwanaki takan ɗauki shekaru masu yawa kafin wata ta maye gurbinta.

Abin da ya haɓaka wannan kasuwa shi ne tsadar sauran abubuwan girki. Magidanta ba su manta da ƙarancin kananzir na shekarun 1990 ba, wanda ya sa aka ajiye risho aka koma ga murhun da jama'a suka laƙaba wa suna "Abacha". A watan Janairun 2016 aka janye tallafin kananzir. Iskar gas da aka sa rai za ta maye gurbinsa ita ma ta yi tashin gwauron zabo, domin cika tukunya mai kilo 12.5 ya tashi daga kimanin Naira 4,000 a 2020 zuwa fiye da Naira 15,000 a ƙarshen 2024. Daɗin daɗawa, janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsuke aljihun ma'aikaci. Saboda haka gidaje da yawa suka jingine tukunyar gas suka ɗauko kurfoti. Alkaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun sanya Nijeriya cikin sahun gaba na ƙasashen da ke yin gawayi a duniya, da fiye da tan miliyan 4 a shekara.

Kudancin Kaduna na da abin da wannan kasuwa ke nema. Yankin na samun ruwan sama fiye da arewacin jihar, yana da itatuwa masu nauyi irin su kirya da marke da doka, ga shi kuma kusa da Abuja da Jos da Kaduna. Sai dai yadda ake yin gawayin akwai ɓarna mai yawa a ciki. Akan jera gungumen itace, a rufe da ciyawa da ƙasa, a sa wuta, a yi ta gadi dare da rana har ya nuna. Ta wannan hanya sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Idan kirya ta ƙare a wuri, gatari kan juya kan ɗorawa da kaɗanya, waɗanda mata ke samun daddawa da man kaɗe daga gare su.

A nan ne maganar lafiyar jama'a ta shigo. Gawayi ya fi ɗanyen itace ƙarancin hayaƙi a ɗakin girki, kuma dalili shi ne an riga an fitar da mafi yawan hayaƙin tun a daji. Ma'ana, wanda ya sayi buhu a birni ya sami wuta mai ɗan tsabta, shi kuwa wanda ya yi gadin wutar, da yaran da suka taya shi tonewa da zubawa a buhu, su suka shaƙi hayaƙin da ƙurar. Bugu da ƙari, mai yin gawayi ba kasafai yake girki da shi ba, domin kayan sayarwa ne. Matarsa da itace da kara take hura wuta a kan murhun duwatsu uku, sau da yawa da goyo a bayanta. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, daga cikinsu fiye da 237,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Cututtukan da hayaƙin girki ke haddasawa ko ya tsananta sun haɗa da ciwon haƙarƙari a jikin yara, da ciwon huhu mai daɗewa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa fiye da kashi biyu bisa uku na gidajen Nijeriya da itace ko gawayi ko makamantansu suke girki. Shi ma mai saye a birni bai tsira gaba ɗaya ba, domin gawayin da aka kunna a ɗaki rufe, musamman lokacin hunturu, yana fitar da wata iska mai guba marar wari wadda ke iya kashe mutum cikin barci.

Idan ciwo ya zo, wa ke biya? A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa. Jihar Kaduna ta kafa hukumar inshorar lafiya, wato KADCHMA, a 2018, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da Asibitin Tunawa da Sir Patrick Yakowa da ke Kafanchan Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Waɗannan matakai ne na ci gaba, amma magidancin da ba shi da albashi kuma bai shiga inshora ba, in yaro ya kwanta sai ya sayar da akuya ko ya sake komawa daji da gatari. Kuɗin wannan jinya ba ya cikin farashin buhun gawayi, shi ya sa ake ganin gawayin da araha.

Ba za a yi wa masu wannan sana'a adalci ba in aka ce son kuɗi ne kawai ya kai su daji. A daminar 2023 wata cuta mai ruɓar da citta a cikin ƙasa, wadda ke bunƙasa inda damshi ya yi yawa, ta auka wa gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, har Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da kimanin Naira miliyan dubu 12. Da kuɗin citta manoma da yawa ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Wanda ya rasa amfanin shekara guda har da irin da zai shuka baɗi, abin da ya fi kusa da hannunsa wanda zai zama kuɗi nan take shi ne bishiya. Abin baƙin ciki, ita cittar kanta tana bukatar ganye da ciyawar da ake rufe gona da su bayan shuka, kuma ƙasar da aka tsiraita ruwa kan wanke ta cikin sauƙi.

Irin wannan rashin daidaito ake muhawara a kansa a tarurrukan duniya kan canjin yanayi. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da masana'antu da motoci ke ɗumama duniya da shi, amma manomanta da ke dogara ga ruwan sama na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wannan ya sa aka amince da kafa asusun biyan asara a taron Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar a 2022, aka kuma ƙaddamar da shi a Dubai a 2023. Hujjar da Nijeriya ke kafawa a can, cewa wanda ya ci moriya shi ya kamata ya ɗauki nauyin ɓarna, ita ce mutumin ƙauyen Jema'a ko Kauru zai iya kafa wa biranen ƙasar nan.

Hukumomi sun gwada hani. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana sare itatuwa a ƙananan hukumomi bakwai, ciki har da Kachia da Kajuru, bisa dalilan tsaro, yayin da Gwamnatin Tarayya ta sha hana fitar da gawayi zuwa ƙasashen waje tana sakewa. A 2024 kuma aka amince da manufar ƙasa kan girki mai tsabta. To amma muddin uwargida a birni ba ta da abin da za ta ɗora tukunya a kai, hani kaɗai farashi zai ƙara, ya kuma ƙara abin da ake miƙawa a shingayen hanya.

Ga 'yan kasuwa, akwai hanyoyin samun riba da ba sa ƙarar da daji. Gandun dajin Nimbia da ke Ƙaramar Hukumar Jema'a, wanda aka fara dasawa a 1957, shaida ne cewa itacen tik da malaina na yi sosai a wannan ƙasa, don haka mai jari na iya dasa gonar itace ya riƙa yanka bi da bi. Ingantattun tandunan gawayi na rage yawan itacen da ake ƙonawa, suna kuma rage hayaƙin da ma'aikaci ke sha. Ana iya cura gawayi daga garin katako da buntun shinkafa da totuwar masara, waɗanda galibi zubar da su ake yi. Murhun Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yaɗa tare da haɗin gwiwar atmosfair ta ƙasar Jamus, ya nuna cewa ana iya dafa abinci da 'yan ƙiraruwa kaɗan, in dai an samo wa matan karkara hanyar biya kaɗan-kaɗan. Masu sha'awar kasuwar Turai kuwa su lura cewa dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023 kan sare dazuzzuka ta shafi gawayi, kuma hujjar inda aka samo itacen take nema.

A nasu ɓangaren, ya dace hukumomi su ware wani kaso na kuɗin da ake karɓa a kan motocin gawayi don biya wa iyalan ƙauyukan da ake yin sa kuɗin inshorar lafiya, da samar musu da dashe. Haka kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, inda ake koyar da aikin gona da ilmin muhalli, zai iya taimakawa wajen ƙidaya abin da ke fita daga dazuzzukan da abin da ya rage. Dillalin da ke loda mota a yau shi ne zai fi kowa bukatar wannan lissafi, domin duk lokacin da daji ya ƙara nisa kuɗin dakonsa ƙaruwa yake yi, kuma ranar da kirya ta ƙare a Kudancin Kaduna, kasuwarsa ta ƙare tare da ita.