Kiɗan ’Yan Gida Ɗaya: Daga Maradun Zuwa Agadas

 A bana na zaɓi in yi ɗan bayani a kan irin ƙungiyar kiɗan da ’yan gida ɗaya suke haɗuwa su riƙe, watau wa da ƙane da ’ya’yan baffanni. Zan kawo misali da gidaje biyu, ɗaya a ƙasar Zamfara, ɗaya a Jamhuriyar Nijar, sa’an nan in dawo gida Dutse mu ga inda aka kwana.

Da farko dai ya kamata mu sani makaɗan Hausa iri biyu ne. Akwai na gado, akwai na haye. Makaɗin haye shi ne wanda ya shiga sana’ar da rana tsaka don sha’awa, alhali a gidansu ba a yi. Babban misali shi ne Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, don mahaifinsa ba makaɗi ba ne. Makaɗin gado kuwa shi ne wanda ya buɗe ido ya ga ganga rataye a zauren gidansu, ya ga ubansa da kakansa da ita suke ci da iyali. Har ila yau akwai mai kiɗa shi kaɗai, kamar Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, akwai kuma masu fita ƙungiya guda. Maganata a kan masu ƙungiya take, kuma na gado.

Ƙungiyar kiɗa tana da tsari kamar yadda gida yake da shi. Akwai jagora, shi ne mai ɗauko waƙa da shirya ’ya’yanta. Akwai ’yan amshi masu riƙe gindin waƙa, su ne suke maimaita shi duk lokacin da jagora ya dire ɗa. Akwai makaɗa, galibi kuma su ne dai ’yan amshin. Akwai sanƙira mai kirari da shelar kyauta idan an yi. A gidan gado uba ne jagora, manyan ’ya’ya suna kiɗa da amshi, ƙananan suna ɗaukar kaya da riƙon takalma har kunnensu ya nuna. Ta haka yaro yake haddace waƙoƙi masu yawa tun bai san ya haddace ba.

Gidan farko da zan ambata shi ne na Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. An haife shi wajen shekarar 1909 a ƙasar Bakura, mahaifinsa kuwa shi ne Usman Ɗankwanda, makaɗin fadar Maradun. Musa ya tashi yana bin mahaifinsa tare da yayansa Kurna. Da mahaifin ya rasu sai ragamar gida ta koma hannun Kurna, don shi ne babba, Musa ya zauna ƙarƙashinsa a matsayin Daudun kiɗa, watau mataimaki mai jiran gado. A nan akwai abin lura. Ga mutum mai murya irin ta Ɗanƙwairo, amma ya yi shekaru yana yi wa yayansa amshi kafin ya zama jagora. Daga baya sunansa ya game Arewa, musamman saboda waƙoƙin da ya yi wa Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da sauran sarakuna. Ya rasu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jiharmu ta Jigawa, ’ya’yansa kuma suka ci gaba da sana’ar gidansu.

Abin kiɗan wannan gida shi ne kotso. Ganga ce mai siririn ƙugu, baki ɗaya aka rufe da fata, ɗayan a buɗe yake, ana rataya ta a kafaɗa a kaɗa da yatsu. Ba ta bukatar lantarki ko batir, sai dai hannu da kunne. Duk wanda ya saurari faifan Ɗanƙwairo a rediyo zai ji wani abu da ya sa ya fita daban. Kafin jagora ya ƙarasa magana ’yan amshi sun cafe, wani lokaci ma su ne suke ƙarasa masa ita, muryoyi su hau juna kamar saƙar tabarma. A ganina irin wannan ba ya samuwa sai ga mutanen da suka daɗe tare, suka ci tuwo a akushi ɗaya, kowa ya san inda ɗan’uwansa yake jan numfashi.

Gida na biyu yana Agadas, birnin Abzinawa da ke arewacin Nijar, mai dogon hasumiyar masallaci ta ƙasa. Tun zamanin ayarin gishiri akwai zumunci tsakanin Agadas da ƙasar Hausa, kuma har yau Hausa ake ciniki da ita a kasuwar garin. A can ne wasu ’yan’uwa da ’ya’yan dangi daga unguwar Abalane suka kafa ƙungiya a 1995, suka sa mata suna Etran de L’Aïr, ma’anarsa Taurarin Azbin. Ni a wayar yayana na fara jin su lokacin hutu, da yake a makarantar kwana ba a bar mu mu riƙe waya ba.

Yadda suka fara shi ne abin sha’awa. Jita ɗaya tak gare su, irin ta katako wadda ba a haɗa ta da lantarki. A maimakon ganga sai su kifa ƙwarya cikin ruwa su riƙa dukanta da takalmi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don kuwa haka iyayenmu mata suke kifa ƙwarya a ruwa wajen kiɗan amada, irin wanda marigayiya Barmani Coge ta shahara da shi. Da wannan ’yan kaya suka riƙa zagaya gidajen biki da suna, musamman na talakawan da ba su da ƙarfin ɗauko manyan makaɗa. Sannu a hankali suka sayi jita mai lantarki da gangunan zamani. A 2018 wani ƙaramin kamfanin faifai na Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar da faifansu na farko, suka sake fitar da wani mai sunan garinsu a 2022, da na uku a 2024. Sun kuma je sun yi wasa a ƙasashen Turai da Amurka. Masu jitarsu sukan yi musayar kayan kiɗa da jagorancin waƙa a tsakaninsu, wannan ya ɗauko, wancan ya karɓa.

To, idan muka ajiye gidajen nan biyu kusa da juna za mu ga bambanci. Gidan Ɗanƙwairo fada ya dogara da ita, sarki ne yake ba da doki da riga da hatsi. ’Yan Agadas kuwa ba su da uban gida, jama’ar gari ce take riƙe da su, biki bayan biki. Amma ta wani wajen tafiyarsu ɗaya. Dukansu a gida suka koya, da abin da yake hannu suka fara, kuma zumunci ne ya riƙe su har suka kai inda suka kai. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai fa kada mu ɗauka abin ba shi da wahala. Inda kuɗi ya shiga, Shaiɗan yana kusa. A al’ada jagora ne yake raba abin da aka samu, babba da rabonsa, ƙarami da nasa. Idan ƙane ya fi yaya murya, mutane suka fara kiran sunansa, sai an kai zuciya nesa. Bare idan ya ji haushi yakan ɗauki gangarsa ya koma wata ƙungiya, shi ke nan. Ɗan’uwa kuwa idan ya fita, rigimar har ɗakin uwa take shiga, a daina gaisawa ranar Salla. Saboda haka ƙungiyar ’yan gida ɗaya ba ta ɗorewa sai da adalcin babba da haƙurin ƙarami.

Yanzu mu dawo gida. A ƙauyukanmu na Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu akwai gidajen makaɗa na gado, masu kalangu da gangar noma da garaya, ga kuma makaɗan fada da muke gani ranar hawan Salla a Garu. Jiharmu ce ta haifi Haruna Uji na Haɗeja, wanda ya kai gurmi ko’ina a Arewa. Amma abin da nake gani a bukukuwan da nake zuwa shi ne mai biki ya fi son ya ɗauko mai lasifika, wanda ake kira DJ, ya sa waƙar da aka haɗa a kwamfuta. Makaɗi kuwa idan ba a gayyace shi ba, ba shi da abin kai wa gida. Ɗansa yana gani, sai ya kama acaba ko ya tafi ci-rani. Abin tsoro a nan shi ne yawancin waƙoƙin nan ba a rubuce suke ba, a ka suke. Ranar da tsoho ya kwanta dama ba wanda ya karɓa, waƙar noman garinsu da kirarin kakanninmu sun bi shi kabari.

Wani abin kuma laifinmu ne mu ɗalibai. Sau da yawa ɗan gidan makaɗa yakan ɓoye asalinsa a makaranta don gudun a kira shi maroƙi. Alhali kuwa a jami’o’inmu, kamar Jami’ar Bayero ta Kano, har digiri ake yi a kan waƙoƙin su Ɗanƙwairo da Narambaɗa. Karatun boko bai hana mutum riƙe gadon gidansu ba, sai ma ya taimake shi ya rubuta waƙoƙin, ya ɗauke su a waya, ya san yadda zai kare haƙƙinsa.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, idan za a yi biki a tuna da makaɗan gari, ko da na yini ɗaya ne. Ina kuma roƙon Ƙungiyar Hausa ta makarantarmu ta sa kowane ɗalibi ya rubuto tarihin gidan makaɗa ɗaya na garinsu idan an tafi hutu, mu tara a ɗakin karatu. Masu ƙwarya da takalmi sun kai Amurka, ina ga mu da muka gaji kotso da gurmi da kalangu? Allah ya bar zumunci, ya ba mu sa’ar jarrabawa, amin. Haza wasalam.