Taken saƙo na yaudara: algus ne, kuma doka ta san da shi

Ranar wata Laraba a Garwa, ina ɗakin malamai, saƙon imel ya shigo wayata. Takensa da Faransanci yana cewa kuɗin bashin albashina sun fito. Duk malamin da ya taɓa jiran haƙƙinsa daga Yaounde ya san yadda gabana ya faɗi. Na buɗe da rawar jiki, ashe tallar wani kamfanin ba da rance ce, da ruwa a kai.

Wani abokin aikina ya ce, "Malam, kai dai goge kawai." Ni kuwa na ce a'a, wannan ai algus ne, kamar mai zuba hatsi mai kyau a bakin buhu ya ɓoye tsakuwa a ƙasa.

Kamaru tana da doka kan haka. Dokar kasuwancin intanet mai lamba 2010/021, ta 21 ga Disamba 2010, ta ce dole a gane talla a matsayin talla, a kuma san wanda ake yi wa ita. Tallar da aka turo ta imel ba tare da ka nema ba, tilas ta bayyana kanta tun isowarta. Dokar ta kuma hana a riƙa turo maka irin wannan talla in ba ka amince tun farko ba. Ke nan taken da ya yi kama da takardar ma'aikata, alhali ciniki ne a ciki, ya kauce hanya.

A Amurka, dokar CAN-SPAM ta 2003 ta hana taken yaudara ƙarara, ta kuma wajabta wa kamfani ya daina turo saƙo cikin ranakun aiki 10 bayan ka ce ba ka so.

Matsalarmu a arewa ita ce dokar tana cikin Faransanci da Turanci, jama'armu da yawa kuwa Hausa da Fulatanci suke ji. Wanda bai san haƙƙinsa ba, ya zai nema?

Shawarata: duba adireshin mai turowa kafin take ya ɗauke maka hankali. Kada ka ba da lambar sirrin asusunka na waya. In ka ga alamar zamba, ajiye saƙon, ka kai ƙorafi ga hukumar ANTIC. 'Yan kasuwarmu masu talla kuma, abin da ke cikin buhu shi za a sa a baki.