Ikon Malaman Jinya Wajen Rubuta Magunguna Masu Takunkumi: Waiwaye Daga Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

A wannan maƙala muna so mu duba wani al'amari da ya haɗa doka da aikin asibiti, watau ko malamin jinya yana da ikon rubuta wa majinyaci magungunan kashe zafin ciwo waɗanda hukuma ta sa wa takunkumi, irin su mofin. A Nijeriya dai ba shi da wannan iko. Tun zamanin Dokar Magunguna Masu Haɗari ta 1935 aka keɓe rubuta su ga likita mai rajista da likitan haƙori da na dabbobi. Dokar soja mai lamba 89 ta 1979, wadda ta kafa Majalisar Malaman Jinya da Ungozomomi, ba ta sauya wannan tsari ba. Malamin jinya yana iya yin allurar, amma sai da sa hannun likita.

Hikimar dokar ba ɓoyayya ba ce. Duk wanda ya ga ɓarnar da kodin ya yi wa matasan Arewa, har aka hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ba zai ce a saki linzami ba. To, amma mu dubi ƙauyukan da ke kewaye da Dutsin-Ma da Kurfi. Likitoci galibi suna manyan asibitocin cikin gari ne, ƙananan asibitocin karkara kuwa suna hannun malaman jinya da jami'an lafiyar al'umma. Idan amosanin jini ya taso wa yaro da tsakar dare, ko sankara ta ci jikin dattijuwa, malamin da ke kusa ya san maganin sarai, amma hannunsa a ɗaure yake. Sai iyalin su nemi mota, in da hali, in kuma hanya ta biyu.

Wasu ƙasashe sun sassauta. Ingila ta ba malaman jinya masu horo na musamman wannan iko a 2012. Amma misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Uganda, wadda tun 2004 ta halatta wa malaman jinya da suka sami horo kan kula da masu ciwon ajali su rubuta mofin, akasari na ruwa wanda ake sha a gida. Ba kowa aka ba ikon ba, sai wanda ya ci jarrabawa.

Gaskiya ne a 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da manufar miƙa wasu ayyukan likitoci ga ƙananan ma'aikata, amma manufa ba ta shafe doka. Har ila yau, Tsarin Mulkin 1999 ya sanya sha'anin magunguna da guba cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka Majalisar Dokokin Jihar Katsina ba za ta iya yin gyaran ita kaɗai ba.