Kwamfutar da ke Ɓoye Cikin Mitar Wuta

Idan aka ambaci kwamfuta, abin da kan zo wa ɗalibi a zuci shi ne akwati mai allo da madannai a bisa tebur. Amma wanda ya ratsa birnin Kano daga Ƙofar Mata zuwa Mandawari zai wuce kwamfutoci masu yawa ba tare da ya gane su ba. Akwai ɗaya cikin mitar wuta mai kati da ke manne a zaure, akwai cikin na'urar POS ta mai cire kuɗi a kasuwar Kurmi, akwai cikin inbatar sola da ɗan abin awon sukarin jini. Kowaccensu an binne ta ne cikin wata na'ura domin ta yi aiki guda, ba ta san wani ba.

Galibin kwamfutoci suna da wata manhaja da ke shugabantar sauran, wadda za mu kira uwar manhaja. Ita ce ke raba wa ayyuka lokaci, ta tsare ma'adanar bayanai, ta kuma zama tafinta tsakanin sauran manhajoji da sassan na'ura. Windows da Android misalai ne. Sai dai irin waɗannan suna da nauyi ƙwarai, domin an yi su ne su iya kome. Windows 11 tana buƙatar ma'adana mai gigabayit 64 kafin a girka ta, alhali ƙwaƙwalwar ƙaramar na'ura sau da yawa ba ta wuce 'yan ɗaruruwan kilobayit ba. To, yaya za a yi?

Mu masu nazarin halittu mun san amsar daga jini. Jar ƙwayar jini tana fara rayuwa cikin ɓargo da cibiyarta. Da ta kusa nuna sai ta fitar da cibiyar, ta zubar da sauran kayan cikinta, ta cika kanta da himogulobin, wato sinadarin da ke dakon iskar oksijin. Wannan a jikin mutum ne da sauran dabbobi masu shayarwa. Ta kaza da ta ƙadangare suna nan da cibiyarsu. Ribar zubar da kayan ita ce ƙwayar ta sami fili da laushin kurɗawa cikin siraran hanyoyin jini. Hasararsa kuwa, ba ta iya gyara kanta, shi ya sa bayan kwana 120 ko kusa da haka saifa kan kawar da ita.

Irin wannan dabara injiniyoyi suka bi. Maimakon a gina uwar manhaja dunƙule guda, sai aka yanka ta sassa-sassa, kowane da aikinsa: wannan na rabon lokaci, wannan na adana bayanai, wancan na magana da allo, wani na intanet, wani na ɓoye sirri. Mai ƙera na'ura zai zaɓi waɗanda yake so, ya harhaɗa su, ya bar sauran. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows CE a 1996 bisa wannan tsari, har da kundin sassa da injiniya ke zaɓa daga ciki, ya kuma daina kula da ita a 2023. Tun kafin nan, a 1984, Farfesa Ken Sakamura na Jami'ar Tokiyo ya fara shirin TRON, wanda ya shiga kayan lantarki na Japan masu ɗimbin yawa. A yau ana yawan amfani da FreeRTOS, wadda ta fito a 2003, da Zephyr ta 2016. Dukansu biyu kyauta ne, kuma jigon FreeRTOS bai kai kilobayit 20 ba.

Mu ɗauki mitar kati. Me take buƙata? Sashen da zai ƙidaya wutar da ake sha, da na karɓar lambobi daga madannai, da na rubutu a ɗan allonta, da na warware sirrin lambar da aka saya, sai kuma wanda zai katse wuta idan kuɗi ya ƙare. Ba ta buƙatar hoto ko sauti. Wasu mitocin ma sun yi ƙanƙantar da ba a sa musu uwar manhaja sam, shiri guda ne ke kewayawa. Amma duk inda ayyuka suka yi yawa, dole a sami mai fifita wani bisa wani, domin ƙidayar wuta ba za ta jira mai gida ya gama danna lamba ba. Ƙarancin sassa yana rage tsada da cin wuta, kuma sashen da ba a saka ba, ba zai lalace ba, ɓarawo ma ba zai shigo ta nan ba. A ganina wannan na ƙarshe shi ne babbar fa'idar tsarin.

Amma hasarar jar ƙwayar jini tana nan. Yawancin mitocin nan ba su da sashen sadarwa, saboda haka kamfanin wuta ba ya iya yi musu gyara daga ofis. Abin da ya faru a 2024 ya nuna haka a fili.

Lambar nan mai alƙaluma 20 da ake saya tana bin wani tsari mai suna STS, wanda ya samo asali daga Afirka ta Kudu. Cikin kowace lamba an ɓoye lokacin da aka sayar da ita, domin kada a yi amfani da ita sau biyu. Ana ƙidaya lokacin ne da mintoci, daga ranar 1 ga Janairu, 1993, kuma gurabe 24 kacal aka ware masa, kowane gurbi na ɗaukar 0 ko 1. Idan aka ninka 2 da kanta har sau 24 za a sami 16,777,216. Ɗalibi ya raba wannan da mintocin shekara guda, wato 525,600, zai ga bai cika shekara 32 ba. Ranar 24 ga Nuwamba, 2024, ƙidayar ta kai maƙura. Daga nan sai ta koma sifili, mita kuwa ta ɗauki sabuwar lamba a matsayin tsohuwa, ta ƙi karɓa, gida ya zauna cikin duhu da kuɗinsa a hannu.

Maganin da aka yi shi ne sauya mafarin ƙidayar zuwa 2014. To amma tun da ba hanyar aika wa mita saƙo daga nesa, sai kamfanonin rarraba wuta na Nijeriya, har da KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, suka riƙa ba masu mita lambobi biyu na musamman, kowace mai alƙaluma 20, su danna da hannunsu ɗaya bayan ɗaya kafin su saka katin wuta. Wato gyaran da wayar hannu kan yi wa kanta cikin dare, a nan sai da aka bi mita-mita, lungu-lungu. Ba a ƙara yawan guraben ba, suna nan 24, don haka sabuwar ƙidayar za ta cika a 2045.