Kuɗin Tallan Intanet: Yadda Samarin Mile 12 Suka Rabu Da Jiran Cek

Duk wanda ya taɓa yin sammako a kasuwar Mile 12 da ke kan hanyar Ikorodu a Ikko, ya san cewa babu abin da ɗan gwari ya ƙi jini kamar jinkiri. Motocin tumatir da tattasai da albasa suna kwana bisa hanya daga Kano da Zariya da Sakkwato, kuma kwandon da bai sami mai saye da hantsi ba, to, kafin la'asar darajarsa ta faɗi. Mutanen da suka tashi cikin irin wannan ciniki ba su saba da a ce musu su dawo bayan wata biyu su karɓi kuɗinsu ba.

Amma kuwa haka ta riƙa faruwa ga 'ya'yansu da ƙannensu, a nan da Agege, waɗanda suka kama wata sabuwar sana'a, watau buɗe shafi a intanet domin labarai ko waƙoƙi ko wasan ƙwallo, kana su ba kamfanin Google wuri ya liƙa tallace-tallace a ciki. Wannan tsari, mai suna AdSense, an fara shi ne a shekarar 2003. Mai talla ya biya Google, shi kuma Google ya ba mai shafi rabonsa, wanda a 2010 kamfanin ya bayyana cewa kashi 68 ne cikin ɗari. Ba a biyan mutum sai abin da ya tara ya kai dala 100.

A shekarun farko, da cek ake biyan 'yan Nijeriya. Takardar takan taso daga ƙasar waje ta gidan waya, ta yi makonni kafin ta iso, in ma ta iso. Isowarta kuwa ba ita ce ƙarshen wahala ba, domin cek ne na dala wanda bankin Amurka ne zai biya shi. Tilas mai shi ya kai bankinsa na nan gida, su kuma su mayar da takardar can inda ta fito a tabbatar da ita, sa'an nan su cire ladansu. Yaro ya yi aiki da rani, kuɗi su zo da damina. Wasu kan gaji su sayar wa dillali da cek ɗin a kan hasara, kamar dai yadda ake karyar da tumatir in yamma ta yi.

Abin da ya ƙara fito da wannan jinkiri fili shi ne yadda harkar kuɗi ta cikin gida ta yi gaba ta bar shi. A 2011 bankunan ƙasar nan suka fara aika kuɗi nan take daga wannan banki zuwa wancan, a watan Janairu na 2012 kuma Babban Bankin Nijeriya ya soma gwajin rage yawo da tsabar kuɗi, a Ikko aka fara. Ke nan uba yana iya biyan manomi a Kura kafin direba ya tayar da mota, ɗansa kuwa yana zaryar gidan waya. Ko da PayPal ya shigo Nijeriya a 2014, damar aikawa kaɗai ya bayar a lokacin, ban da karɓa.

Sauƙi ya samu ne sa'ad da Google ya buɗe wa 'yan Nijeriya hanyar aiko da kuɗi kai tsaye cikin asusun banki. Mutum zai rubuta sunansa daidai yadda yake a banki, da lambar asusu, da lambar SWIFT ta bankin. Ana sakin kuɗin tsakanin ranar 21 da 26 ga wata, galibi kuma su shigo cikin 'yan kwanaki. Masu sa hotunan bidiyo a YouTube, wanda Google ya saya a 2006, su ma ta nan ake biyansu.

Sai dai irin asusun da mutum ya bayar yana iya cinye masa riba. A watan Mayu na 2023, dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a hannun 'yan canji kuwa wajen Naira 750. Wanda dala 100 ɗinsa ta faɗa asusun Naira, banki ya canza masa, abin da zai samu bai wuce Naira 46,000 ba, alhali mai asusun dala zai iya cirewa ya sami kusan 75,000. A watan Yuni na shekarar Babban Banki ya sakar wa kasuwa farashin, tazarar ta ragu, kuma zuwa Fabrairu na 2024 dala ta haura Naira 1,500. A irin wannan yanayi ajiye kuɗin a dala ya fi hankali ga wanda ba ya cikin matsi.

Har ila yau gidan waya bai fita daga cikin maganar gaba ɗaya ba. Idan kuɗin mutum suka kai dala 10, akan aiko masa da lambar sirri a takarda zuwa adireshinsa, sai ya shigar da ita kafin a biya shi ko kwabo. Ga saurayin da ke kwana a rumfar maigidansa cikin kasuwa, ko a ɗakin haya a lungun da masinja bai san da shi ba, wannan ba ƙaramin shinge ba ne. Shi ya sa akan ari adireshin kanti ko na wani ɗan'uwa a Agege.

Akwai kuma batun harshe. Shekara da shekaru jerin harsunan da AdSense ke karɓa a shafuka yana ɗauke da Larabci da Urdu da Tamil, amma babu Hausa. Wannan ya sa marubuta da yawa suka koma rubutu da Turanci ko suka gauraya, wasu kuma suka bar rubutun suka kama bidiyo, inda mutum zai yi maganarsa da Hausa a gaban kwandunan tumatir, kuɗin tallarsa kuma su iske shi a banki ƙarshen wata.