Filin Mata: Ma'aunin Zafi da Laima a Ɗakin Hatsi



Ga shi masara ta soma shigowa gida a Tsiga da sauran garuruwan ƙasar Bakori, har zuwa Funtua da Malumfashi, ruwa kuwa bai ɗauke ba tukuna. Haka ƙasarmu take. Masara takan nuna tun cikin watan Satumba, alhali hadari yana nan yana haɗuwa, a shanya da hantsi a kwashe da la'asar. Maigida ya yi nasa, ya noma ya kawo. Amma daga ranar da buhu ya shiga ɗaki, lura ta koma hannun uwargida. In tuwo ya zo da warin fumfuna a watan Maris, ba wanda zai je ya tambayi gona, ke za a kalla.

Saboda haka a wannan mako nake so mu yi zancen wani ɗan abu wanda bai fi akwatin ashana girma ba, watau ma'aunin zafi da laima. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan waya da kayan kiwon kaji a manyan garuruwa. A fuskarsa akwai lambobi biyu. Ɗaya tana nuna zafin wuri, ɗayar kuwa, mai ɗauke da alamar %, tana nuna yawan laimar da ke cikin iska, daga 0 zuwa 100. Akwai wanda iyakarsa ke nan, ki duba ki karanta. Akwai kuma na zamani wanda yake aika wa wayarki labari, har ya ajiye lissafin kwana da kwanaki.  Mu a nan, a ganina, inda ya fi amfani shi ne wurin hatsi, gama lamba guda ɗaya tak muke nema gare shi: 65.

Ga dalilin. Hatsi yana shan laima daga iska, yana kuma ba iska tasa, har su yi daidai. In kika rufe masara a kwalba, iskar da ke ciki za ta ɗauki halin masarar. Masana sun tabbatar cewa fumfuna ba ta iya tsiro inda laimar iska ba ta kai 65 ba, wannan kuwa ya yi daidai da masarar da ruwan jikinta bai wuce wajen kashi 13 cikin 100 ba. Kakanninmu da haƙori suke gwadawa, su ciza su ji ƙas, ko su girgiza su saurari ƙara. Dabara ce mai kyau, ba na rena ta. Amma fa haƙori ba ya rarrabe masara mai kashi 13 da mai kashi 16, duka biyu ƙas za su yi, ta biyun kuwa ita ce ke ruɓewa a tsakiyar buhu ba a sani ba.

Kada ki ce ai wari ne kawai, a surfa a wanke ya fita. Akwai wata irin fumfuna mai kama masara da gyaɗa, wadda take haifar da guba da likitoci suke kira afalatoksin. A Ingila aka fara gane ta, bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a shekarar 1960 saboda ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka kawo daga ƙasar Barazil aka haɗa musu abinci da shi. A shekarar 2004 kuma, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu saboda cin masarar da aka ajiye da danshi. Wannan guba dahuwa ba ta kashe ta. Ba lalle ne ta kayar da mutum nan take ba, kaɗan-kaɗan take cin hanta, tana kuma cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta. In an ba saniya dusar da ke da ita, takan biyo nono. To, kin ga kokon da ake dama wa yaro da safe ba abin wasa ba ne.

Yanzu bari mu koma kan ma'aunin. In kin sayo, ki buɗe bayansa. Yawancinsu suna aiki da ɗan batir mai kama da kwabo, an rubuta CR2032 a jikinsa, akwai kuma masu cin ƙananan batura irin na rimot. Sau da yawa za ki tarar da wata 'yar leda an soke ta tsakanin batir da ƙarfe. Ki zare ta, in ba haka ba fuskar ba za ta nuna kome ba, ki ce an sayar miki da matacce. In ya tashi kika ga ya nuna zafi 95, kada ki tsorata, ba wuta ce ta kama ba. Ki duba harafin da ke gefen lambar. In F ne, awon Amurka ke nan, 95 nasu kuwa 35 ne a namu. Ki danna ɗan maɓallin da ke baya, ko ki sauya a cikin waya, har ya koma C.

Haɗa shi da waya aikin 'yan makaranta ne, ku matso kusa. A jikin kwalin akwai sunan manhajar da za ki sauke. Ki kunna Bluetooth, ki ajiye ma'aunin dab da wayar, ki danna inda aka ce a ƙara sabon abu. Wayoyi da yawa sukan nemi izinin sanin inda kike kafin su yarda su nemo shi. In kin hana, sai ta yi ta juyi ba ta gan shi ba. Wannan yana cikin abubuwan da ke hana mutane haɗawa. Mai aiki da Bluetooth ba ya cin data sai wajen sauke manhaja, saboda haka shi nake ba ku shawara. Mai bukatar Wi-Fi sai gidan da ke da intanet da wuta dare da rana, mu kuwa mun san halin wutarmu.

Kafin ki amince da shi, lalle ki gwada gaskiyarsa, gama masu araha sukan yi kuskuren lamba uku ko biyar. Gwajin kuwa a madafinki yake. Ki cika murfin kwalbar lemo da gishirin miya, ki ɗiga ruwa kaɗan har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, amma kada ya narke. Ki sa murfin da ma'aunin a cikin busasshiyar kwalba mai faɗin baki, ki lura kada gishirin ya taɓa shi, ki rufe sosai, ki bar su su kwana a cikin ɗaki. Halin gishiri ne, in an jiƙa shi haka an rufe, yakan tsayar da laimar iska a kan 75, ko da damina ko da rani. Da safe ki karanta ta jikin kwalbar ba tare da kin buɗe ba. In ya nuna 75, madalla. In ya nuna 71, naki yana rage 4 ke nan, sai ki riƙa ƙara 4 a duk abin da ya faɗa. Ki rubuta wannan a 'yar takarda ki manna a bayansa. Wasu manhajojin suna da wurin da ake gyara wannan sau ɗaya a huta. Yana da kyau a sake gwajin kowace kaka.

Sa'an nan sai gwajin hatsi. Ki ɗebo masarar daga wurare dabam-dabam, sama da ƙasa da tsakiya, ba daga bakin shanya kaɗai ba inda rana ta fi bugu. In daga rana kika kwaso, ki bar ta ta huce tukuna a inuwa, domin hatsi mai zafi yana ruɗa awo. Ki zuba ta a kwalba ta wuce rabi, ko a leda mai kauri, ki ɗora ma'aunin a kai, ki rufe, ki ba shi kamar sa'a guda har lambar ta tsaya. In ƙasa da 65 ne, a ɗura a buhu. In 70 ne ko fiye, a mayar shanya, ko da maigida yana gaggawa, ko da mai mota yana jira a ƙofa. Na san wannan magana tana da nauyi a wasu gidaje. Amma nuna lamba ya fi gardama sauƙi: ki miƙa masa kwalbar cikin ladabi ya gani da idonsa. Haka ake yi wa dawa da wake da waken suya da gyaɗa, har da kuka da kuɓewa busasshiya da barkono.

Masu amfani da buhun PICS, watau buhun nan mai leda biyu a ciki wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka soma yaɗa shi a Afirka ta Yamma a shekarar 2007, su ya fi kamata su kula. Buhun yana kashe ƙwari ne ta hanyar toshe musu iska, ba ya bukatar magani. Amma ba ya busar da hatsi. Abin da kika ɗaure da danshi, da danshinsa zai zauna, ki buɗe ki tarar ya yi tsami.

Bayan an gama ɗuri sai ma'aunin ya koma gadin ɗaki. Kada ki rataye shi a bakin taga, ko dab da kwanon rufi, ko inda hayaƙin murhu yake kaiwa. Ki sa shi daidai tsayin buhunan, ɗan nesa da bango. Su buhunan kuma a ɗora su kan katako, kada su kwanta a siminti ko su jingina da bango, gama ta nan sanyi yake hawa. In kin duba lissafin da ke cikin waya za ki ga laima tana hawa da asuba tana sauka da azahar. Wannan ba laifi ba ne, halin iska ne. Abin dubawa shi ne in ɗaki ya kwana ya wuni sama da 70 har kwanaki, kamar yadda yakan faru lokacin marka a watan Agusta. Sai a nemi inda rufi yake yoyo, a buɗe ƙofa da rana tsaka, a rufe tun kafin raɓa ta sauka. Lokaci-lokaci kuma ki tura ma'aunin cikin tsakiyar buhun da ba na leda ba. In can ciki ya fi ɗakin zafi sosai, akwai mai numfashi a ciki, ko ƙwari ko fumfuna. A zazzage a shanya.

Akwai 'yan matsalolin da za ki gamu da su. Da hunturu wasu ma'aunan sukan daina nuna lamba su nuna LL. Ba lalacewa ba ce, iska ce ta bushe fiye da abin da zai iya aunawa, ai leɓunanki ma sun shaida. In kuwa ya kafe a kan 99 ko HH, ruwa ne ko raɓa ta shige shi. Ki cire batir ki bar shi ya sha iska a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Kada ki gasa shi a wuta, kada kuma ki wanke shi. Ƙura takan toshe 'yan ramukan da iska take shiga, sai ki share da busasshen buroshi mai laushi. In rubutun ya dusashe, ko waya tana ganinsa tana ɓatarwa, batir ne ya yi sanyi. In batir sabo ne amma waya ba ta same shi ba, to nisa ne. Bluetooth ba ya wuce wajen taku goma sha biyar a cikin gida, katangar ƙasa mai kauri tana rage shi, duron ƙarfe kuwa in an rufe yakan tare shi ɗungum. Ki tako zuwa bakin ɗakin. Da yawansu suna riƙe lissafin da suka tara, su zuba wa wayar da zarar ta matso.

Abu guda kuma da ba na so ku manta. In za a sa wa hatsi ƙwayar maganin nan mai fitar da iska mai guba, a fitar da ma'aunin tukuna, domin iskar tana cin jan ƙarfen da ke cikinsa. Abin da ke cin ƙarfe kuwa, ina ga huhun yaro? Kada a taɓa sa wannan magani a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi. Haka nan zuba fiya-fiya a wake: saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a shekarar 2015.

Wadda ba ta da halin saye ita kaɗai, ai ba kullum ake gwaji ba. Matan gida ɗaya, ko 'yan adashi ɗaya, suna iya haɗa kuɗi su sayi guda, ya riƙa zagayawa lokacin kaka. In kuwa ba a samu ba sam, ga tsohuwar dabarar malaman gona: ki soya gishiri ya bushe ƙarau, ya huce, ki zuba cokali biyu a busasshiyar kwalba tare da masara tafi ɗaya, ki rufe ki girgiza, ki bar ta ɗan lokaci, ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar tana da sauran ruwa. Wannan gwaji bai kai ma'auni kaifi ba, sai danshi ya yi yawa yake nunawa, saboda haka ko gishirin bai manne ba ki ƙara wa masarar wuni guda a rana.

Wadda ta yi gwajin gishiri da ma'auninta, ta rubuto mana lambar da ya nuna da irin hatsin da ta auna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.